Wa Zai Riƙe Mabuɗi?

Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin ciniki suka yi ta gina sito a garuruwan da ke bakin dogo domin tara gyaɗa da auduga. Da fari na shekarun 1970 ya zo, kuɗin man fetur kuma ya janye hankalin gwamnati daga noma, cinikin ya mutu ya bar gine-ginensa. Har yau akan gan su a ƙananan garuruwa: kwano ya yi tsatsa, gara ta cinye katako, awaki na kwana a inda dā ake awon buhuna. A wasu wurare mutane kan tashi su ce a gyara irin wannan kango ya zama zauren gari, inda za a yi yaƙi da jahilci, a yi wa yara rigakafi, a zauna sasanta rikicin gona, matasa kuma su koyi ɗinki ko aikin kafinta.

Sau da yawa ikilisiya ce kan fara ɗaga hannu. Zumuntar mata ta ɗebo ruwa, matasa su kwaɓa siminti, a yi baiko na musamman domin sayen kwano. Aikin hannu yana da ƙarshe. Ranar da aka kafa ƙofa aka sa mata kwaɗo, a ranar ce tambaya mai nauyi take tasowa: a aljihun wa mabuɗin zai kwana?

Masu cewa ikilisiya ta riƙe suna da hujja, bai kamata a rena ta ba. Sun ga rijiyoyin burtsatse da aka haƙa wa gari suka lalace domin kowa na sha, ba mai gyara. Sun san abin da aka ce na kowa ne yakan rasa mai share shi. Gumin gwauraye da na manoma ne ya sayi kwanon nan, kuma wanda aka ba kuɗin Allah zai ba da lissafinsa.

Amma mu dubi garuruwanmu yadda suke. Tun rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na Jos na 2001, unguwanni da yawa sun rabu bisa ga addini, a wasu wuraren har da kasuwa. Yaran da kakanninsu suka yi gayya a gona ɗaya sun girma ba su taɓa zama a benci ɗaya ba. A irin wannan gari, in an rubuta sunan ikilisiya a goshin gini aka ba dattijonta mabuɗi, rabin mutanen gari za su riƙa wucewa ta bakin ƙofar ba su leƙa ba, ko da ba wanda ya hana su. Sai ya zama mun gyara bango, mun bar tsagar da ke tsakanin mutane, wadda ta nan ƙadangare ke shiga.

Littafin Nehemiya yana da abin da zai koya mana a nan. Sura ta 3 ta lissafta waɗanda suka gyara garun Urushalima: firistoci, maƙeran zinariya, masu haɗa turare, 'yan kasuwa, har da wani shugaba da 'ya'yansa mata, da yawansu daura da gidajensu. Aka gama cikin kwana 52. Nehemiya ne ya roƙo izini da katako daga sarkin Farisa, shi ne ya sha barazana, ya kuma yi shekara 12 yana mulki bai karɓi abincin da ake ba gwamna ba. Duk da haka, da aka kafa ƙofofi, sai ya danƙa kula da birnin ga Hanani da Hananiya, an kuma shaidi Hananiya da aminci da tsoron Allah. Ya sa mazaunan birnin su yi tsaro bi da bi. Wahalar da ya sha ba ta zame masa takardar mallaka ba.

Ashe mabuɗi amana ne. Mai mallaka yakan tambayi wanda ya zo ko shi na wane ne, mai riƙon amana kuwa yakan tambaye shi ƙarfe nawa yake so a buɗe. Wannan ya amsa tsoron ɓangarorin biyu, gama amana tana bukatar mutum sananne da za a iya tuhuma in rufi ya yi yoyo. A naɗa kwamiti da mai unguwa, da liman, da fasto, da mata, da matasa. A manna jadawali a ƙofa domin kowa ya san ranarsa. Ɗan kuɗin da masu biki za su biya a ajiye shi don gyara kafin damina, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Mabuɗin kuwa a ba wanda gari ya shaida da gaskiya, ko daga wace unguwa ya fito.

Wannan zai ci wa ikilisiya wani abu. Wata rana za mu so zauren mu tarar wasu sun riga mu. Watakila bayan shekara 20 ba mai tuna wanda ya sayi kwanon. Ubangijinmu Yesu ya riga ya shirya mu domin wannan, sa'ad da ya koyar a Matiyu sura 6 cewa a yi kyauta a ɓoye, a bar sakamako ga Uba mai gani. Kyautar da mai ita ya ci gaba da riƙe igiyarta, aro ce.

Ya Ubangiji, ka ba mu ƙarfin ɗaukar jinka tare da maƙwabtanmu, ka kuma ba mu tawali'un sakin mabuɗi sa'ad da aikin ya ƙare. Amin.