Koyar da Yara Zane: Amanar Ido da Hannu

 Akwai tambayar da ke damun iyaye da malaman makarantun firamare: shin ya dace a koya wa yara zane da hotunan da ke intanet?

Dalilin tambayar shi ne, taskokin da a dā sai mai kuɗin jirgi ke gani, yau sun shigo wayar hannu. A 2017 gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke New York a Amurka ya saki hotunan kayansa 375,000 kyauta ga kowa. A 2022 kuma kamfanin Google ya ɗora shafuka fiye da 40,000 na tsofaffin littattafan Tambutu, masu kyawun rubutu da ado.

Game da hukunci, malamai sun yi saɓani a kan surar abu mai rai, amma mafi yawansu ba su ga laifi a zana itatuwa da gine-gine da zayyana ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar sura da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ke nan ƙofa a buɗe take, kuma Bahaushe ya daɗe da shiga. Allon zayyana na ranar saukar karatu, da dagin da magina ke yi a bangon gidajen Kano da Zariya, da aska takwas a gaban babbar riga, duk zane ne.

To, amana ta farko a wuyan malami ita ce zaɓe. Taskokin nan sun haɗa har da hotunan tsiraici, don haka wajibi ne ya riga yara dubawa, ya tsince abin da ya dace. Wanda ya miƙa wa yaro waya ya juya baya, ya saki akuya ne a rumbu.

Amana ta biyu ta fi wannan nauyi. Kallo ba ya zama gwaninta. Yaron da ya ga zayyana ɗari bai ja layi ɗaya ba, idonsa ya ƙoshi, hannunsa na jin yunwa. Mai zayyana yakan fara da dafa tawada daga gawayi da ƙaro, ya feƙe alƙalami, ya auna, ya ɓata, ya sake. A nan ake koyon haƙuri da natsuwa da kyautata aiki, waɗanda addini ya yi horo da su.

Saboda haka, a nuna wa yara shafi ɗaya daga Tambutu, sa'an nan a ajiye wayar, a ba su takarda da alƙalami su gwada. In da hali, a gayyato mai zayyana na unguwa ya zauna da su, domin hoto ba ya kama hannun yaro ya gyara masa layi.

Allah Ya ba iyaye da malamai ikon sauke wannan amana, amin.