Wanda Ya Rasa Magana, Ya Rasa Hankali Ne?

Da yawa cikinmu mun taɓa ganin dattijo wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama, ya wayi gari bakinsa ya ƙi furta ko da sunan ɗansa. Nan da nan sai iyali su yanke masa hukuncin taɓaɓɓe: a daina shawara da shi, a riƙa zancen gadonsa a gabansa, wasu ma su ce sammu ne. Tambayarmu ta wannan mako ita ce, shin magana da hankali abu guda ne?

Tun da daɗewa malaman lugga suka yi saɓani a kan asalin harshe. Ibnu Faris ya tafi a kan cewa Allah ne Ya koyar da shi kai tsaye, hujjarsa kuwa labarin koya wa Annabi Adamu sunaye a cikin Suratul Baƙara. Wasu suka ce mutane ne suka yi ittifaƙi a kansa. Ibnu Jinni, wanda ya rasu a shekara ta 392 bayan Hijira, ya auna ra'ayoyin biyu a littafinsa Al-Khasa'is, ya ga kowanne yana da ƙarfi. Ko wanne aka ɗauka, ma'ana tana zaune a cikin mutum kafin lafazi ya fito da ita.

Likitoci sun zo sun ƙarfafa wannan. A shekara ta 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba wani majinyaci wanda ya shekara kusan ashirin da ɗaya ba ya iya furta kome sai "tan". Duk da haka yana gane yawancin abin da ake faɗa masa, yana amsawa da hannunsa na hagu. Da ya mutu aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai aka tarar da lahani a gaban ɓarinta na hagu. Ɓarin hagu ɗin nan shi ke juya gefen dama na jiki, shi ya sa sau da yawa wanda hannunsa na dama ya shanye maganarsa ma takan tafi. A 1874 kuma Bajamushe Carl Wernicke ya nuna wani wurin dabam, wanda in ya taɓu maganar takan zuba amma fahimtarta ta yi wuya. Ashe dai magana tana da ɗakunanta a ƙwaƙwalwa, kuma ɗaki ɗaya yakan rushe sauran gida yana tsaye.

Harshen ma ba lalle sai da baki ba. A ƙasar Nikaragua, yaran kurame da aka tara a makaranta daga 1977 sun ƙago wa kansu harshen hannu mai nahawu, ba tare da wani ya koya musu ba.

Malaman fiƙihu sun riga mu gane wannan, domin sun karɓi isharar bebe, matuƙar ana gane ta, a ciniki da aure da saki. Sun kuma ce wanda ya kasa furuci sallarsa ba ta faɗi ba, zai yi ta gwargwadon ikonsa. To, wanda Shari'a ba ta sauke masa salla ba, mu wa ya ba mu izinin sauke masa daraja?

Saboda haka, jama'a, in wannan jarrabawa ta sauka a gidanku, ku gaggauta kai mara lafiya asibiti. Ku yi masa magana a tsanake, ku jira amsarsa, ku nemi yardarsa a kan dukiyarsa, kada ku faɗi a gabansa abin da ba ku faɗa a lokacin da yake iya mayar muku. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.