Shin Ƙagaggen Labari Ƙarya Ne?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sau da yawa magidanci a Kakau, ko wata unguwa ta kudancin Kaduna, yakan dawo gida da almuru ya tarar 'yarsa ta duƙufa kan littafin hikaya, ƙanenta kuma ya ƙura wa fim ɗin zane ido, wanda yara ke kira katun. Sai ransa ya ɓaci, ya ce ai wannan duk ƙarya ce, ƙarya kuwa haramun ce. To, shin maganar tasa ta tsaya?

Abin da ake nufi da ƙarya shi ne mutum ya faɗi abin da ya saɓa wa gaskiya domin mai saurare ya ɗauka haka abin yake. Mai ƙaga labari kuwa bai yaudari kowa ba, domin shi da mai karatu duk sun san ba a yi ba. Shi ya sa tsofaffi idan sun ƙare tatsuniya sukan jingina ta ga Gizo, don kada yaro ya ɗauke ta tarihi. Kuma mutane masu ilmin addini sun yi irin wannan rubutu. A gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da bauta ta raba da mahaifiyarsa, daga bisani ya zama babban malami.

Saura magana ta biyu, wadda ta fi nauyi: an ce littattafan nan suna nuna alfasha. Wannan zargi ya yi ƙarfi bayan bunƙasar littattafan soyayya, waɗanda masu suka suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, har a 2007 aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Amma ambaton laifi daban, ƙawata shi daban. Ƙissar Annabi Yusufu, wadda gaskiya ce tsantsa daga Allah, ta ambaci hassadar 'yan'uwa da makircin matar Azizu, sa'an nan ta nuna ƙarshen kowa. Mai hikaya na gari wannan tafarki yake koyi da shi.

A dubi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda wata mace, daga baya gobara ta cinye dukiyarsa. Wanda ya tsaya a farkon littafin zai ce an koyar da wulakanta iyali. Wanda ya kai ƙarshe zai ga wa'azi ne kan haƙƙin mace. Ma'auni ke nan: ina labarin ya ajiye azzalumi, kuma da wace zuciya mai karatu ya tashi?

Da wannan ma'auni ake auna katun. A cikin Tom da Jerry, wanda aka fara a Amurka a 1940, ana maka wa kyanwa guduma, nan take ta miƙe garau. Babba zai yi dariya ya wuce, amma ƙaramin yaro yana bukatar wanda zai gaya masa cewa duka yana da ciwo. Gizo ma mayaudari ne, sai dai a da kaka tana zaune kusa, tana warware wa jikoki abin da ya shige musu duhu. Yau an bar yaro shi kaɗai da akwatin talabijin.

Saboda haka nauyin yana kan uba. Allah Ya umarci muminai da bincike kafin yanke hukunci, wanda kuwa ya la'anci littafin da bai buɗe ba ya yi shaida kan abin da bai gani ba. Sai ya karɓi littafin ya karanta, ya zauna da yaro su kalla tare. Mai kyau ya bari, marar kyau ya hana, ya kuma faɗi dalili.

Allah Ya shiryi zuriya, Ya sa a gama lafiya, amin.