Ɗan Gida Ko Mai Biyan Murgu?

Kalmar 'yanci tana cikin kalmomin da suka yi araha a bakin mutanenmu. Kowace ranar 1 ga Oktoba ana tuna mana da 'yancin kan da Nijeriya ta samu a 1960. 'Yan siyasa suna yi mana alkawarinsa, matasa suna nemansa daga hannun iyayensu, a majami'u kuwa muna raira shi da ganga da tafi. Amma in ka tsai da mai bi a bakin ƙofa bayan sujada ka tambaye shi daga me aka 'yanta shi, kuma domin me, da wuya amsarsa ta wuce cewa Yesu ya cece shi. Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiya ce da bai tauna ba, shi ya sa ba ta cika riƙe shi ba ranar da tsoro ko jaraba suka ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Harshen Hausa kansa yana da abin da zai koya mana a nan. Kalmar 'yanci daga 'ya ta fito, a wasu wurare ma ɗiyauci ake cewa. A wurin Bahaushen dā, kishiyar bawa ɗa ne. In aka ce wane ɗa ne, ana nufin ba a saye shi da kuɗi ba, yana da uba, yana da gida, yana da gādo. Wanda ya tsere ya shiga daji, ba mai aikensa ba mai tsawata masa, ba a kiransa ɗa, gudajje ne kawai. Ashe tun asali mai 'yanci shi ne wanda yake da wurin zama a gidan ubansa.

Haka Ubangiji Yesu ya shimfiɗa maganar a Yohanna 8:31-36. Ya gaya wa Yahudawan da suka fara ba da gaskiya gare shi cewa in sun zauna cikin maganarsa za su san gaskiya, ita kuwa za ta kwance su. Maganar ta ɓata musu rai. Suka ce su jikokin Ibrahim ne, ba wanda ya taɓa bautar da su. Abin mamaki, mutanen da kakanninsu suka yi tubali a Masar, aka kwashe su zuwa Babila, a ranar nan ma sojan Roma yana tsaye a Urushalima! Yesu bai tsaya musu a kan tarihi ba. Ya nuna musu wata bauta da ta fi waɗannan zurfi, wato duk wanda zunubi ya zame masa sana'a bawansa ne. Sa'an nan ya kawo misalin gida: zaman bawa a gida na ɗan lokaci ne, ana iya sayar da shi gobe, amma ɗa ba mai fitar da shi. Domin haka Ɗan ne kaɗai yake da ikon mai da bawa ɗan gida. Manzo Bulus ya ɗora a kan wannan a Galatiyawa 4, inda ya ce Allah ya aiko Ruhun Ɗansa cikin zukatanmu har muna iya kiransa Uba, wanda kuwa ya zama ɗa ya zama magaji.

A zamanin bauta a ƙasar Hausa akwai wani tsari da ake kira murgu. Ubangida yakan bar bawansa ya tafi ya yi sana'ar kansa, ko ƙira ko rini ko dako, a kan sharaɗin ya riƙa kawo masa wani adadi na kuɗin wuri a kai a kai. Wanda ya ga irin wannan bawa a kasuwa ba zai bambanta shi da ɗa ba. Yana da ɗakinsa, yana cin guminsa, ba mari a ƙafarsa. Amma ranar da ya kasa biya, ranar zai tuna ko shi wane ne. Murgu ba ya ƙarewa. Abin da ke raba shi da bauta ɗungum shi ne fansa, a biya kuɗin kansa gaba ɗaya.

Ina jin tsoro da yawa daga cikinmu murgu muke biyan Allah. Muna zuwa sujada, muna ba da zakka, muna azumi, muna riƙe muƙami a ƙungiyar maza ko zumuntar mata, duka da tunanin cewa in muka yi fashi sau ɗaya za a kore mu daga gida. Ayyukan nan masu kyau ne, kada wani ya ce mujallar ikilisiya ta hana zakka. Abin dubawa shi ne zuciyar da ake yinsu da ita. Ku tuna da misalin ɓataccen ɗa a Luka 15. Ƙaramin ya dawo da shirin roƙon a ɗauke shi ɗan ƙodago, uban bai bar shi ya kai ga wannan roƙo ba, ya sa aka kawo riga da zobe. Babban kuwa, wanda bai taɓa barin gida ba, da ya buɗe baki sai ya shiga lissafin shekarun da ya yi yana bauta, ba a ba shi ko ɗan akuya ba. Yana kwana a ɗakin magaji da zuciyar mai biyan murgu. Shi ne ya ƙi shiga biki, kuma shi ya fi kama da mu da muka girma cikin ikilisiya.

Doka tana iya sauyawa a rana ɗaya, zuciya kuwa takan ja ƙafa. Gwamnatin Lugard ta shelanta cewa duk yaron da aka haifa a Arewacin Nijeriya daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokance, kuma mutane da dama sun ci gaba da zama a gidajen iyayengijinsu domin ba su san wata rayuwa ba. Isra'ilawa ma, bayan sun haye Bahar Maliya, sun zauna a jeji suna kukan kifi da albasa da tafarnuwar Masar, kamar yadda Littafin Ƙidaya 11 ya nuna. Sabo turken wawa. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama yana yaro a Osogun a 1821, jirgin yaƙin Ingila ne ya kuɓutar da shi a teku a 1822, amma sai a 1825 aka yi masa baftisma a Saliyo. Kwance sarƙar wuyansa aikin yini ɗaya ne. Aikin da Ruhu ya yi a cikinsa ya ɗauki shekaru, har ya zama bishop a 1864.

Inda tsohon turken ya fi bayyana a gidajenmu shi ne wajen tsoro. Yaro ya yi zazzaɓi sau biyu, sai a fara duban tsohuwar da ke maƙwabtaka. Mai bin da ya jefar da layar kakansa sai ga shi ya ɗaura kwalbar mai ko ƙyallen da ya saya a wurin wani mai kiran kansa annabi, yana kuma rawar jiki in ya manta da shi a gida. Laya ce aka sake wa suna. Wasu masu wa'azi sun gane cewa tsoro kasuwa ce, suna gaya wa mutanen da aka yi wa baftisma shekara ashirin cewa la'anar kakanni tana binsu, sai sun kawo kuɗi a karya ta, kuma ba ta taɓa karyewa sau ɗaya. Wannan ai murgu ne ƙiri-ƙiri. Ba mu musun cewa Shaiɗan yana aiki. Amma Kolosiyawa 2:14-15 ta ce an soke takardar bashinmu a kan gicciye, an kuma tuɓe wa ikokin duhu makamansu a bainar jama'a, Ibraniyawa 2:14-15 kuma ta ce Almasihu ya mutu domin ya saki waɗanda tsoron mutuwa ya bautar muddin ransu. Wanda ya ce maka da saura a biya, ka tambaye shi ayar da ya dogara a kai.

Akwai kuma rami a ɗaya gefen hanyar, matasanmu ne suka fi faɗawa cikinsa, ko da yake ba su kaɗai ba. Su ne masu cewa tunda muna ƙarƙashin alheri, kowa ya yi abin da ransa yake so. Bulus ya riga ya ji wannan a Koranti da Roma, ya kuma amsa a Romawa 6 cewa duk wanda ka miƙa wa kanka kana yi masa biyayya, shi ne ubangidanka. Mutumin da ba ya iya wuce gidan burkutu, ko ba ya iya ganin kuɗin ikilisiya ya kau da kai, ko wanda fushi yake jansa kamar raƙumi da akala, yana iya cewa ba mai ba shi umarni, amma matarsa da 'ya'yansa sun san wanda yake mulkinsa. Gwajin yana da sauƙi: abin nan da kake cewa kana da 'yancin yi, kana da ikon barinsa?

A nan mai tunani zai iya tambaya, in Almasihu ya saye mu da jininsa har mun zama nasa, ashe ba sauya ubangida kawai muka yi ba? Tambayar tana da nauyi, domin Bulus da kansa ya kira kansa bawan Almasihu a farkon wasiƙarsa zuwa ga Romawa. Amsar da na fi gamsuwa da ita tana cikin Fitowa 21, inda bawan da wa'adinsa ya cika, ƙofa tana buɗe a gabansa, yake iya zaɓar zama saboda yana ƙaunar maigidan, a huda masa kunne a jikin ƙofa. Hidimar da ta biyo bayan buɗe ƙofa dabam take da wadda aka yi kafin a buɗe. Martin Luther ya rubuta ɗan littafi a kan 'yancin Kirista a 1520, jigonsa kuwa shi ne bangaskiya ta ɗaga mai bi har ba wanda yake mulkin lamirinsa sai Allah, ƙauna kuma ta sunkuyar da shi har yana yi wa kowa hidima. Tunda ba ya bukatar ayyukansa su saya masa ceto, sai ya ba maƙwabcinsa su kyauta.

Wannan ne ya sa Bulus, wanda ya san naman da aka yanka wa gunki ba kome ba ne, ya ce a 1 Korantiyawa 8 ya gwammace ya bar cin nama ɗungum da ya sa ɗan'uwa mai raunin lamiri tuntuɓe. Dattawanmu su lura, shi ya hana kansa, bai kafa wa ikilisiya sabuwar doka ba. Mu kuwa mun fi ƙwarewa wajen ɗaura wa wasu kaya.

Wasiƙa zuwa ga Filimon ta haɗa duka wannan a shafi guda. Mai rubutun ɗan kurkuku ne. Wanda ake roƙo dominsa, Unisimas, bawa ne da ya rabu da ubangidansa, ya karɓi bishara a hannun Bulus, ga shi kuma zai koma gidan da ya baro. Filimon shi ne mai 'yanci a idon dokar Roma, kuma shi ne aka sa a gaban zaɓi mafi wuya: ya karɓi bawansa a matsayin ɗan'uwa a gaban ikilisiyar da take taruwa a gidansa. Bulus ya ce yana da ikon ba shi umarni amma ya zaɓi roƙo, domin kada alherin Filimon ya zama na dole. Ya ɗauki bashin Unisimas a kansa, ya rubuta alkawarin biya da hannunsa. Daga nan ya ce wa Filimon ya shirya masa masauki, domin yana sa zuciya za a sake shi ya zo.