Tikitin Umara Da Makin Katin Bashi: Gyara Ne Ko Kuɗin Ruwa?

Yau wata tambaya na kawo miki wadda aka yi mini a ajin matan aure na makarantarmu da ke nan Madabo, kuma ta hana ni barci kwana biyu.

Muna cikin babin ciniki na Risala ne, sai wata ɗaliba ta jira aka tashi ta same ni. Ƙanin maigidanta yana aiki a Ingila. Ya bugo waya cewa zai yankar wa mahaifiyarsu tikitin Umara, da ita ɗalibar don ta yi wa Hajiya rakiya, kuma ba zai fitar da kuɗi ba sai 'yan kuɗin haraji, domin da "maki" zai biya. Makin nan ya tara shi ne ta hanyar sayayya da katin bashi na banki. Hajiya ta fara murna har ta sa a ɗinka mata hijabai. Shi kuwa maigidan, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, sai ya ce shi ma zai nemi irin katin, ko yara sa riƙa ganin duniya lokacin hutu. Ta ce, "Malama, in mun je da wannan tikitin, Umararmu ta yi?"

Bari mu fara da sanin abin. Katin da yawancinmu muke riƙewa na ATM ne, kuɗinki ne a ciki, in sun ƙare ya ƙi aiki. Katin bashi kuwa banki ne yake biya miki, ke kuma ki biya shi a ƙarshen wata. In kin biya duka a kan lokaci ba ƙari. In kin bar saura, sai a fara ɗora miki kuɗin ruwa. (Da gangan nake cewa kuɗin ruwa, don a Hausa kalmar riba ta haɗa har da halastacciyar ribar mai ƙosai.) A Amurka abin ya samo asali, da katin Diners Club a 1950, sannan a 1981 kamfanin jirgin American Airlines ya fito da tsarin ba fasinja maki gwargwadon nisan tafiyarsa. Daga baya bankuna suka haɗa kai da kamfanonin jirage, ya zama ko shinkafa kika saya da katin ana rubuta miki maki, in ya taru ki karɓi tikiti ko ɗakin otal.

Da na ji bayanin, abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne gyara. Kin sayi tumatir a Kasuwar Rimi, mai tumatir ya ƙara miki uku. Ba wanda ya taɓa cewa gyara haram ne. Don haka makin da kamfanin jirgi yake bai wa fasinjansa, irin ShebaMiles na jirgin Habasha da 'yan kasuwarmu masu zuwa Sin suka sani, ko Alfursan na jirgin Saudiyya, ni ban ga komai a cikinsa ba. Kin sayi tikiti da kuɗinki, mai jirgi ya yi miki gyara don ki dawo gobe. Sau da yawa ma sakaci muke yi. Maigida ya shekara goma yana hawa jirgi ɗaya bai taɓa yin rajista ba, alhali kyauta ce, kuma da ya yi da tuni an rage masa kuɗin tafiyar iyali.

Amma makin katin bashi daga hannun mai ba da bashi yake fitowa, kuma nan ne malamai suke tsayawa su duba. Unguwarmu an san ta da karatun Muhtasar tun zamanin malaman Wangarawa, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji cewa bashin da ya jawo wa mai shi amfani ya zama kuɗin ruwa, har ma an hana wanda ake bi ya kai wa mai binsa kyauta, sai in dama sun saba. To ki lura da inda kyautar take tafiya. A katin bashi, banki ne mai bin bashi, kuma shi ne yake ba da kyautar. Ba wanda ake bi ne yake ƙarawa ba. Ta wannan fuskar makin shi kansa ba kuɗin ruwa ba ne. Abin mamaki, wanda ya fi kusa da shubuha shi ne wanda muka saba da shi a nan gida, wato gasar da bankuna ke yi cewa ki ajiye kaza a asusu ki ci mota ko firji. A can ke ce kika ba banki rance, shi kuma yake miki kyauta saboda rancen.

Matsalar katin tana jikin takardar da aka sa wa hannu. A cikinta akwai sharaɗin cewa in ka yi jinkiri za ka biya ƙari. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a fitar da irin wannan kati ko a yi mu'amala da shi ba muddin akwai wannan sharaɗi, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin lokaci ya cika. Akwai malaman da suka sassauta wa mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya ba tare da katin ba, bisa sharaɗin biya a kan kari. Sassaucin nan na mai larura ne. Tafiyar hutu ba larura ba ce, kuma mazaunin Kano da katinsa na ATM da POS a kowane lungu ba shi da hujjar mazaunin Ingila.

Akwai kuma tambayar da ta fi damuna a matsayina na uwa: wa yake biyan kuɗin tikitin nan? Banki ba gidan zakka ba ne. Wani ɓangare yana fitowa daga ladan da banki ke cira wajen mai shago a kowace sayayya, mai shago kuma ya mayar da shi kan farashi, har mai biya da tsabar kuɗi ya ɗanɗana. Wani ɓangaren kuma daga waɗanda suka kasa biya a ƙarshen wata ne. A Amurka kuɗin ruwan katin ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara a 2023 da 2024. Wato mai hali da ke biya a kan lokaci yana hawa jirgi, wanda albashinsa bai kai ba yana biyan ƙari wata bayan wata. Ba na cewa zunubin yana kan mai makin. Ina cewa dai ya kamata zuciya ta ji wani abu.

Mu yi lissafi irin na makaranta. A ce katin yana mayar da naira 1 a kowace naira 100. Kafin ki tara makin tikitin naira miliyan 1, sai gidanku ya kashe miliyan 100. A ce kuma wata ɗaya kasuwa ta tsaya, aka bar bashin naira 500,000 aka ɗora kashi 3 cikin ɗari, naira 15,000 ke nan, ta cinye makin sayayyar miliyan ɗaya da rabi. Kuma wa ya fi ɗan kasuwa sanin cewa kasuwa tana tsayawa? Ga kuma halin zuciya. Wadda take ƙirga maki za ta ga atamfar da ba ta buƙata ta ce ai ana samun maki. Kamar mai sayen buhun tumatir ne don kwaɗayin gyaran guda uku.

Ga abin da na gaya wa ɗalibata, bayan na tuntuɓi malamaina, kuma na ce ta ƙara tambaya. Hajiya ba ta sa hannu a kowace takarda ba. Ɗanta ne ya yi mata kyautar tikiti, makin kuma ba kuɗin ruwa ba ne a karan kansa, don haka ban ga dalilin kashe wa tsohuwa murna ba. Su je, Allah ya karɓa. Ɗan nata a ji ta bakinsa cikin hikima ko yana biya a kan lokaci, a kuma tuna masa fatawar malamai. Maigidanta kuwa lamarinsa daban. Umara a mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa, Hajji ma sai ga mai iko. Bai dace mutum ya ɗaure kansa da sharaɗin da Suratul Baƙara ta yi kakkausan gargaɗi a kai ba don neman sunna, balle don kai yara yawon buɗe ido.

Kuma ƙofofi ba su rufe ba. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, sannan a 2020 Hukumar Alhazai ta ƙasa ta buɗe asusun adashen Hajji tare da Jaiz. In har akwai katin da babu sharaɗin ƙari a cikinsa kuma yana ba da maki, sai a karanta takardar da kyau, a nuna wa malami, a karɓa. Ga kuma adashenmu na gado, wanda iyayenmu suka aurar da 'ya'ya da shi suka je Makka da shi. Yara ma ba lallai sai jirgin sama ba. Nawa na kai su Zariya wajen gwaggonsu a motar haya, har yau labarin ƙofar fadar Zazzau suke ba abokansu.

Ɗalibar ta ce abin da ya rage mata shi ne yadda za ta faɗa wa maigida ba tare da ya ga kamar tana koya masa karatu ba. Na ce ta bari sai ya ci abinci ya huta, ta fara da tambayarsa ko ya taɓa rajistar makin jirgin da yake hawa zuwa sarin kaya. Makon da ya wuce ta ce mini ya yi rajistar a wayarsa, maganar kati kuma ya ce zai tambayi limamin masallacinsu. Hajiya dai tana nan tana jiran fasfo.