Dami da Kirari: Wace Ce Gwarzuwar Ƙwallon Kwando?

A al'adar Hausa ta dā, manomi yakan tara dami dubu kafin a kira shi sarkin noma. Amma duk wanda ya tashi a karkarar Kibiya ko Rano, kamar yadda na tashi, ya san cewa ranar gayya ba mai ƙirga kuyya. Wanda makaɗi ya kama sunansa, shi gari zai kwana yana zance. Ma'auni biyu ke nan, ɗaya na lissafi, ɗaya na labari, kuma su ne ke kokawa duk lokacin da za a zaɓi gwarzuwar 'yar wasa a ƙwallon kwando na mata.

Mu ɗauki gasar WNBA ta Amurka a 2023. 'Yan jarida da masu sharhi 60 ne suka yi zaɓen. Kowannensu ya jera 'yan wasa biyar, ta farko maki 10, ta biyu 7, har zuwa ta biyar mai maki ɗaya. Breanna Stewart ta lashe da maki 446, Alyssa Thomas ta samu 439, A'ja Wilson 433. Abin mamaki, mutum 23 ne suka sa Thomas a farko, Stewart kuwa 20 kacal. Dukkansu alƙaluma iri ɗaya suka duba, sai dai kowa da labarin da ya shiga kunnensa. Stewart baƙuwa ce da ta koma Niyok ta ɗaga ƙungiyarta. Thomas ita ce ta ɗauki nauyin ƙungiya bayan abokiyar wasanta ta ji rauni. Wilson kuwa ƙungiyarta ta ci wasa 34 cikin 40, amma ita ta karɓi kambun a 2022, ido kuwa yakan gaji da abin da ya saba gani. Har aka samu mai zaɓe ɗaya da ya ajiye ta a ta huɗu.

A nan tambayar adalci take. Idan an ce wa mutum ya yi hukunci, shin ya halatta daɗin labari ya rinjaye shi? Masu kare labari suna da hujja mai ƙarfi. Takardar lissafi tana rubuta wadda ta jefa ƙwallo a kwando, ba ta rubuta wadda ta tare hanya har aka samu damar jefawar, ko wadda ta kwantar wa 'yan'uwanta hankali lokacin da wasa ya rincaɓe. Alƙaluma ma mutum ne ya zaɓi abin da za su ƙirga.

Duk da haka, ni ina bayan dami. Dalilina shi ne ba a raba makaɗa daidai. 'Yar wasan babban birni tana da 'yan jarida da kyamarori a kanta, ta ƙaramin gari kuwa ba ta da mai shaida sai lissafinta. Wasan mata ya fi fuskantar wannan haɗari, domin ba a nuna shi kamar na maza (a gidajen kallon da na sani, ƙwallon ƙafar Turai ce ta cinye allo), don haka da yawanmu a bakin wani muke jin labarinsa. Wanda bai gani ba, ya kuma ƙi ƙirgawa, kirarin wani kawai yake maimaitawa. Labari ya zo ya fassara lissafi, na yarda, amma kada ya riga shi shiga zaure.

Akwai kuma labari mafi ƙarfi, wato cewa gwarzuwa sai daga gidan da aka ci kofi. A gasar mata ta Afirka, Nijeriya ta ɗauki kofi biyar a jere daga 2017 zuwa 2025. Ezinne Kalu ta zama gwarzuwa a 2019, Adaora Elonu a 2021, Amy Okonkwo a 2023 da 2025, kuma ban ƙi ko ɗaya ba. Amma zaɓen da ya fi burge ni shi ne na Bamako a 2017. Nijeriya ta doke Sanigal a wasan ƙarshe, aka miƙa mana kofi, sannan aka kira Astou Traoré, 'yar ƙasar da aka doke, aka ba ta kambun gwarzuwa.