Amanar Da Malami Ke Dawowa Da Ita Daga Tafiya



Duk wanda ya taɓa raka ɗalibai tafiya, musabaƙar Alƙur'ani ce ko ziyarar Hubbaren Shehu a Sakkwato, ya san ba a dawowa yadda aka tafi. Kun ci a kwano ɗaya, kun yi ƙasaru a bakin titi, sun ga malam yana gyangyaɗi a mota. Tsoro ya ragu, shaƙuwa ta shigo. Bayan irin wannan tafiyar ne wani yaro da ba ya ko magana a aji ya same ni ya ce, "Malam, abokaina sun koya min shaye-shaye, wallahi ina so in daina."

Wannan kusancin yana da asali. A Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya goya Fadlu ɗan Abbas daga Muzdalifa zuwa Mina. Da saurayin ya riƙa kallon wata mata da ta zo tambaya, sai Annabi ya juya masa fuska da hannunsa. Ba zagi, ba tozartawa.

To malam, shaƙuwar nan amana ce. Kada sirrin yaro ya zama abin hira a ofishin malamai. Kada ka fifita 'yan tafiya a kan waɗanda iyayensu suka kasa biyan kuɗin mota. Ɗalibai mata kuwa, shaƙuwa ba ta halatta keɓewa ko hirar WhatsApp cikin dare.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.